Ƙarfe ƙarƙashin kujera



Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a fadodin Dakoro, musamman a bakin samarin da ke riƙe da motocin iyayensu ko na iyayen gidansu. Wai direban da ya san ciwon kansa ba ya hawa hanya hannu rabbana a wanga zamani, sai da ɗan ƙarfe a kusa. An ma wuce gardamar a riƙe ko kar a riƙe, an koma gardamar wurin ajiya. Wannan ya ce ƙarƙashin kujera, wancan ya ce cikin akwatin takardu na gaban mota, na uku ya ce a ƙugu ya fi, riga ta rufe. Wasu sun kalli bidiyon Amurkawa biyu uku a waya, sun dawo suna ba da fatawa kamar sun yi shekara ashirin a soja: ga yadda za ka aje ta cikin aminci, ga yadda hannunka zai kai gare ta kafin ƙiftawar ido. Ana kurɓar shayi ana gyaɗa kai. Ni na ce wagga magana ta banza ce, kuma irin banzar da ke iya kai mota guda ta mutane kushewa a rana ɗaya.

Kafin wani ya ce ɗan lakwal ne, a Yamai yake zaune, me ya sani game da hanya, bari in fara da abin da ba na musu a kansa. Tsoron na gaskiya ne. Duk wanda ke da dangi a Madarunfa ko Gidan Rumji ya san abin da ƴan bindiga suka mai da ƙauyukan bakin iyaka: a kore shanu, a ɗauke mutum, a kira waya a yanka kuɗin fansa. A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako cikin jihar Maraɗi da abin da kansu zai iya ɗauka, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Sojojinmu sun kafa runduna ta musamman, Farautar Bushiya, saboda wannan masifa. Mu a Dakoro mun ɗan yi nisa da iyaka, kilomita sama da ɗari arewa da Maraɗi, amma dabbobinmu kudu suke tafiya, su bi Kornaka su faɗa Maraɗi, daga can Ɗan Isa, daga can Jibiya. Kuɗin kuma ta wannan hanyar yake dawowa. Direban da gabansa ke faɗuwa in magariba ta riske shi a daji yana da hankali. Abin da nake musu a kai shi ne maganin da ake rubuta masa.

Karatuna kimiyyar harshe ne, don haka kunnena ya fi saurin kama kalma. Ku saurari masu wannan fatawa da kyau, za ku ji ba su cika cewa bindiga ba. Ƙarfe suke cewa, ko abin aiki, ko ƴar ƙarama, ko kariya. Sakaya suna tsohuwar al'adarmu ce. Da dare tsofaffi ba su ambaton maciji, igiyar ƙasa suke cewa, iskoki kuwa mutanen ɓoye. Amma su suna sakayawa ne don abin ya yi nisa da gida. Samarinmu suna sakayawa don abin ya samu shiga mota ba tare da zuciya ta tsaya ta yi tambaya ba. Ƙarfe ai jak ma ƙarfe ne, sifana ma ƙarfe ce, wa zai ji tsoron ƙarfe a mota? Kakanninmu sun fi mu gaskiya wajen raɗa suna. Ɗan abin da yatsa ke ja a jikin bindiga kunama suka kira shi. Bindigar da maƙeran gida ke ƙerawa kuwa suka sa mata harba-ruga, wato ka harba ka ranta a na kare, don sun san ba a tsayawa jiran abin da zai biyo baya. Kariya kuma, tun da an sa ni aikin rubutun Hausa, sai na lura ƙugiya ɗaya da wasali ɗaya ne tsakaninta da ƙarya. Wannan dai wasa ne. Mu koma ga mota.

Masu fatawa abu biyu suke haɗawa cikin numfashi ɗaya: a aje ta cikin aminci, kuma a aje ta kusa da hannu. Waɗannan biyun ba su zama a kujera ɗaya. In kana son aminci, sai ka cire harsashi, ka kulle ta a akwati, ka sa akwatin inda yaro ba ya kai. To ranar da aka gitta maka itace a hanya, sai ka ce da ɓarayi su dakata ka nemo makulli? In kuma kana son kusa da hannu, sai ta zauna a ɗure, ba kulle, a wurin da hannu ke kai wa cikin daƙiƙa ɗaya. Hannunka kaɗai ke cikin motar? Akwai karen mota da ke kwana a ciki. Akwai yaron da ke wanke ta a bakin tasha, da bakaniken da ke ɗaga kujera ya duba inji, da ɗanka ɗan shekara biyar da ke son zama gaba ya riƙa buɗe duk abin da ke buɗuwa. Kuma duk wanda ya taɓa taka birki da ƙarfi ya san abin da ke ƙarƙashin kujera gaba yake sulalowa, ya zo ya tsaya tsakanin ƙafarka da birkin. Gorar ruwa ma in ta yi haka tana iya kifar da mota, bare abin da ke da kunama.

Sai kuma a tambayi irin bindigar da ke zuwa hannun saurayi mai jika kaɗan a aljihu. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suke gangarowa daga Libiya ta arewa. A rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta fitar a kan Nijar a 2018, an nuna cewa cikin ƙananan bindigogin da ke shigowa ta can akwai ƙirar Turkiyya waɗanda asalinsu na ƙara ne kawai, ba a yi su don su fitar da harsashi ba, wasu ne ke gyara su su mai da su masu kisa. Ƙarfen da aka yi su da shi ba a yi shi don wannan nauyin ba. Wato abin da ka saya don ya tsare ranka yana iya fashewa a tafin hannunka, ko ya ƙi tashi a lokacin da ka riga ka nuna shi.

To a ce ma mai kyau ce, ta kanti, ba ta gardama. Mu zauna mu kwatanta ranar da ake tsoro, tun da masu fatawa ba su son kwatanta ta har ƙarshe. Masu tare hanya su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin. Sun san inda rami yake da dole ka rage gudu, sun san inda yashi ke riƙe taya. Ba su zuwa ɗaya, bisa babura suke, biyu biyu ko uku uku, da Kalashnikov mai cin harsashi talatin, wadda ke samun mutum daga nisan da ƴar ƙaramarka ba ta ko mafarkinsa. Kai kana zaune, hannu biyu a sitiyari, fitilarka ta haska gaba, su suna gefe cikin duhu suna ganinka kai ba ka ganinsu. Jikin Hiace kuwa gwangwani ne, harsashi ratsa shi yake kamar takarda. A bayanka akwai mutum goma sha takwas a takarda, a zahiri Allah kaɗai ya san adadi, da goyo, da buhun gero, da akuya a sama. Ka zaro ka harba ɗaya, a ce ma ka samu wani. Sauran fa? Ruwan wuta za su yi wa motar, kuma ba su tambaya wa ya harba.

Wa ya shawarci tsohuwar da ke kujerar baya? Ita kuɗin Maraɗi ta biya, za ta duba jikarta a asibiti. Ba ta sa hannu a takardar yaƙi ba. Da ba ka harba ba, da wataƙila an ƙwace kuɗi da wayoyi, an sha mari, an kwana ana kuka, gari ya waye kowa da ransa. Na san amsar da ake bayarwa a fada, da ƙirji a buɗe: “Ni walla gara in mutu namiji da a kwantar da ni ƙasa kamar rago.” To mutu naka, malam, amma mazantakarka ba da ran fasinja za a biya ta ba. Wani mai hankali kuma zai ce ai na yanzu ba kuɗi kaɗai suke so ba, mutum suke ɗauka. Haka ne, kuma babu abin da ya fi wannan ɗaci. Sai dai wanda aka ɗauka ana sayar da gona da shanu a karɓo shi, dangi su talauce amma su gan shi. Wanda harsashi ya samu a kujerar tsakiya ba gonar da ke dawo da shi.

A birnin Filadalfiya na Amurka wani mai bincike, Charles Branas, da abokan aikinsa sun bi diddigin mutanen da aka harba, suka kwatanta su da waɗanda ba a harba ba. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna wanda ke ɗauke da bindiga lokacin da aka far masa ya fi wanda ba ya ɗauke da ita haɗarin shan harsashi fiye da ninki huɗu. Filadalfiya ba Kornaka ba ce, na yarda. Amma dalilin ba ya bukatar biza: mai bindiga yana tsayawa inda mara bindiga zai gudu, yana musu inda wancan zai yi shiru, yana bin hanyar da wancan zai ce a bari sai da safe.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda ba a ko ambatonsa. Direba na iya shekara goma bai haɗu da ɗan fashi ba, amma ba ya kwana uku bai yi faɗa ba. Faɗan layi a tasha. Faɗan canji da fasinja. Mai amalanke ya tare hanya ya ƙi kaucewa. Ɗan kabu-kabu ya goge maka fenti ya kuma zage ka. Garke ya ratsa kwalta, makiyayi yana tafe a hankalinsa kamar hanyar ta ubansa ce, kai kuma rana ta dafa maka kai tun safe. Yau duk waɗannan da zagi suke ƙarewa, in ta yi tsanani a ci kwala, dattawa su raba, gobe a gaisa. Sa bindiga a ɗure ƙarƙashin cinyar mutum guda cikinsu ka gani. A 2017 Brad Bushman na jami'ar jihar Ohayo ya zaunar da ɗalibai a na'urar koyon tuƙi, wasu ya aje musu bindiga a kujerar gefe, wasu sandar buga ƙwallon tanis. Waɗanda ke kusa da bindiga sun fi gudu, sun fi manne wa motar gaba. Ba su taɓa ta ba ma, ganinta kawai suka yi.

Mu kuwa ƴan jihar Maraɗi ba mu bukatar Ohayo ta koya mana inda ƙaramin faɗa ke kaiwa. A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manomi da makiyayi a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji ya ƙare da kashe Fulani sama da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Dakoro gari ne da Bahaushe da Bafillace da Buzu ke cin kasuwa ɗaya, ga kwarin Tarka a arewa inda gona da makiyaya ke gogayya kowace damina. Ranar da direba Bahaushe ya harbi makiyayi a kan saniyar da ta fasa masa fitila, ko akasin haka, ba wanda zai ba da labarin a matsayin faɗan mutum biyu. Da sunan ƙabila za a ba da shi, kuma kafin jandarma su iso ya riga ya kai rugage da ƙauyuka.

Sai shinge. Daga Dakoro zuwa iyaka sau nawa ake tsayar da kai? Jandarma, ƴan sanda, duwan, kowa da igiyarsa. Kuma ina permi da kart-giriz da asirans suke zama? A wancan akwatin na gaban mota da wani gwani ya ce a aje ƙarfe a ciki. Ka kwatanta jami'in da aka gaya wa akwai ƴan bindiga a yankin, dare ya yi, ya haska tocila, ka buɗe akwati, abu ya yi ƙyalli. A Amurkar da ake kwaikwayo, ran 6 ga Yulin 2016, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile a jihar Minesota. Yana da izinin riƙe bindiga. Da bakinsa, cikin ladabi, ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai makami tare da shi. Cikin ƴan daƙiƙu ɗan sandan ya saki harsashi bakwai, a gaban budurwarsa da ƴarta ƴar shekara huɗu da ke kujerar baya. Castile ya mutu, kotu kuma ta sallami ɗan sandan. Mai takarda ke nan, a ƙasar da tsarin mulkinta ya ba shi dama.

A nan akwai wani darasin nahawu da ya kamata kowa ya riƙe. Hausa ta raba mai bindiga da ɗan bindiga. Mai bindiga shi ya mallake ta, kamar mai gona ko mai shago. Ɗan bindiga ita ta mallake shi, ita ce sana'arsa da asalinsa, kamar ɗan kasuwa ko ɗan tasha. Kowane saurayi da ke sayen ƙarfe yana ganin kansa a sahun farko. Amma ba kai ke zaɓar wanda za a kira ka da shi ba, wanda ya kama ka ke zaɓa. Mu faɗi gaskiya kuma, zaɓin ba ya tafiya daidai. In an samu ƙarfe a motar ɗan Alhaji, za a ce yaro ne ya ji tsoro, a yi waya biyu uku. In an same shi a jakar yaron ruga mai rawani, sunansa ya gama canzawa kafin a kai shi birgad. Masu yaɗa wannan fatawa galibi na sahun farko ne, waɗanda za su biya kuɗinta na biyu.

Bindigar mota kuma ba ta daɗewa a motar. Ƙungiyar Everytown ta Amurka ta tattara alƙaluman ƴan sanda na garuruwa sama da 300, ta samu bindiga kusan 112,000 da aka kai rahoton sacewa a 2022, fiye da rabi daga cikin motoci aka ɗauke su. Can ke nan da ake kulle mota da na'ura. Mu da ke barin gilashi a buɗe a ƙofar masallaci saboda zafi fa? Wanda ya sace ta ba zai kai wa limami ajiya ba. Kai kuma ba ka iya zuwa ka ce an sace maka abin da tun farko ba ka da izininsa. Sai ka yi shiru, ita kuma ta kama hanyar dajin da kake tsoro.

Za a ce to hukuma ta gaza, kowa ya tsare kansa. An gwada, kuma kusa da mu. A Zamfara ƴan sa-kai da niyyar tsare garuruwa suka fara, aka wayi gari ana kashe Bafillace a kasuwa don kamanninsa, ɗayan ɓangaren ya ƙara sayen makamai, ramuwa ta bi ramuwa har yau. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce talakawa su nemi lasisin bindiga. Ku tambayi ƴan gudun hijirar da ke Cadakori ko an koma gida. A ƙasarmu ma, farkon Nuwamban 2021, magajin garin Banibangu ya fita da ƴan sintirin yankinsa bisa babura, aka yi musu kwanton ɓauna, gwamnati ta ce mutum 69 suka rasu har da shi. Allah ya jiƙansu. Maza ne da suka fita da zuciya ɗaya, su da yawa, sun san dajinsu. Kai kuma kai kaɗai ne, da ƴar ƙarama, da sitiyari a hannu.

Doka dai tana nan, ko an so ko an ƙi. Tun 1963 Nijar ke da dokar da ta tsara mallakar makami: sai da izinin hukuma a rubuce, wanda aka kama babu shi kuma kaso ne. Tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai aikin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Ran 25 ga Satumban 2000, bayan tawayen arewa, aka tara bindigogi sama da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Waɗanda suka miƙa su mutane ne da suka yi shekaru suna kwana da bindiga a duwatsun Ayar, sun san ta ciki da waje. Yawancinmu ba a haife mu ba a lokacin. Abin kunya ne a ce mu da ba mu taɓa jin ƙarar harsashi kusa da kunne ba mu ne za mu riƙa sayo su ɗaya ɗaya muna cusawa ƙarƙashin kujera.

Ɗan fashi ba direba yake bi ba, kuɗi yake bi, kuma labarin kuɗin daga kasuwa yake tashi. Wani ya ga dillali ya ƙirga miliyoyi a gindin bishiya, ya ga motar da aka shiga, ya danna waya. Nan ne wurin toshewa. Ga Nita, ga Al Izza, ga sauransu, ka zuba a nan ka karɓa a Maraɗi, ladan da za a cire bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Iyayenmu da yawa har yanzu sun fi yarda da kuɗin da ke ɗaure a ƙugu, kuma mu da muka yi lakwal mu ne ya kamata mu zauna da su mu nuna musu, ko da za a ce mun cika iyayi. Sandikan direbobi na iya hana lodin yamma a ranakun kasuwa, na iya sa motoci su tashi a jere. Shugabannin matasa da ke rububin ɗaukar hoto da manya na iya zuwa wurin perfe su nemi sintiri a ranar da kuɗi ke kan hanya, su koma, su sake komawa har a gaji da su. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke da daɗin ba da labari a fada, shi ya sa ba a son su.

Ku kuma ƴan'uwa ɗalibai, mu ne fasinjan. Mu ke cika kujerun baya duk ƙarshen hutu, da jakunkuna da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. In ka shiga mota a tashar Dakoro ka ga tudu a ƙugun direba, ko ka ji karen mota yana alfahari cewa maigida da abin aiki yake tafiya, sauko da jakarka. Je wurin ɗan kamasho ka nemi kuɗinka. In ya tambayi dalili, kar ka ce ƙarfe, kar ka ce ƴar ƙarama. Ka ce akwai bindiga a motar nan, da ƙarfi, yadda tsohuwar da ke kujerar baya za ta ji ta yanke wa kanta shawara.